Maƙerin da Ya Gane Sirrin Ƙafar Kujera

Duk wanda ya taɓa zama a ajin lakca ya san yadda kujerunmu suke mutuwa. Ƙafar baya ce ke fara lanƙwashewa, waldar ta ɓalle, sai a jingine ta a lungu. Abin da ke damuna shi ne, muna karanta injiniyanci da zane, amma ban taɓa jin ɗayanmu ya tsaya ya tambayi dalilin da ya sa kullum a wuri ɗaya take karyewa ba.

Wani Bafaranshe mai suna Jean Prouvé ya yi wannan tambayar tun a 1934. Ya lura cewa idan mutum ya zauna, balle ma ya jingina, yawancin nauyinsa a ƙafafun baya yake sauka. Sai ya yi ƙafafun gaba da siririn bututun ƙarfe, na bayan kuma ya lanƙwasa fallen ƙarfe ya yi su da faɗi a daidai inda nauyi ya fi yawa. Kujerar da ake kira Standard ke nan, kuma har yau ana ƙera ta.

Shi fa wannan mutumin ba shi da takardar shaidar zanen gine-gine. An haife shi a 1901, ya koyi ƙira a hannun maƙera, ya buɗe shagonsa a garin Nancy a 1924. Da aiki ya bunƙasa ya koma babbar masana'anta a Maxéville a 1947, inda masu zane da masu walda suke aiki kusa da juna, a gwada abu a ƙarfe kafin a yarda da shi a takarda. Kayan da ya yi na makarantu ne da ofisoshi da ɗakunan kwanan ɗalibai, wato na mutane irinmu. Duk da rashin takardar, ya shafe fiye da shekara goma yana koyarwa a Paris, kuma shi ne ya shugabanci alƙalan gasar da ta zaɓi zanen Cibiyar Pompidou a 1971.

To mu kuma fa? Mun ɓata shekaru muna kukan bambancin da ake nunawa tsakanin HND da digiri, kuma kukan gaskiya ne. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, 'yan'uwa: ranar firaktikal wasunmu sa hannu kawai suke yi su sulale. Lokacin furojet ya zo, a haɗa kuɗi a kai wa mai walda a bakin titi ya ƙera, mu zo mu tsaya gaban malamai muna bayani kamar mu muka yi. Wallahi mai waldar ya fi mu cancantar makin. Abu ɗaya da ɗan poli zai nuna ya fi kowa shi ne hannunsa ya san ƙarfe, shi kuma muke gudu saboda kada rigarmu ta yi datti.

Wani zai ce ai iya aikin bai hana Prouvé faɗuwa ba. Haka ne. Ya shigo da masu jari daga kamfanin alminiyam, suka fi ƙarfinsa, a 1953 ya bar masana'antar da ya kafa da kansa. Gidajen alminiyam da ya tsara don ƙasashe masu zafi ma ba su karɓu ba: ɗaya aka kafa a Yamai a 1949, biyu a Brazzaville a 1951, tsada ta hana a ci gaba. Daga baya dillalai suka kwance su suka mayar Turai, aka sayar da ɗaya daga cikin na Brazzaville a New York a 2007 kan kusan dala miliyan biyar. Wannan ɓangaren na labarin yana ɓata mini rai, kuma yana nuna cewa darasin kasuwanci da muke rainawa shi ma a riƙe shi da kyau.

Shawarata ga ƙungiyar ɗalibai: a nemi izinin hukumar makaranta a kwashe karyayyun kujerun nan a kai sashen injiniyan kanikanci. A auna inda suka karye, a sake zana ƙafar, a ƙera goma a zuba a aji ɗaya, a dawo ƙarshen zango a duba wadda ta tsira.