Waiwaye: Daren Jabo da masu isa wuri kafin kowa

A daren Alhamis, 25 ga Disamba 2025, wani abu ya faɗo daga sama a gonakin Jabo da ke ƙaramar hukumar Tambuwal, ƙasa ta girgiza, sama ta yi jajir. Daga baya aka ji Amurka ce ta kai hari kan 'yan ta'adda a Jihar Sakkwato, gwamnatin tarayya kuma ta ce ɓaraguzan makaman ne suka faɗa Jabo da Offa ta Jihar Kwara. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai a Jabo ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wurin ba shi da nisa da ƙaramin asibitin garin.

'Yan jarida sun zo, sun ɗauki hoto, sun ji ta bakin manoma, sun nuna masu tsintar guntayen ƙarfe. Ni kuwa tunanin malamin asibiti nake yi. Da an samu raunuka, ƙofarsa za a fara bugawa, shi da 'yan agaji su nufi inda kowa ke gudu daga gare shi, ba tare da sanin ko sauran abin zai fashe ba. A Rann ta Jihar Borno, ranar 17 ga Janairu 2017, ma'aikatan Red Cross shida na cikin waɗanda bam ɗin wani jirgin sojin saman ƙasarmu ya kashe. A Kano, cikin Janairun 2020, zazzaɓin Lassa ya yi ajalin likitoci biyu na Asibitin Malam Aminu Kano bayan sun yi wa wata mai ciki tiyata. Waɗannan dai an ƙirga su.

Akwai waɗanda ba a ƙirgawa. Wani yayana ya shekara da shekaru yana tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya a hanyar Sakkwato zuwa Jega. Bayan wani haɗarin mota da ya kwaso gawarwakinsa da hannunsa, ko safar hannu babu, sai ya daina cin nama. Matarsa ta ce yakan zabura cikin dare yana salati, jiƙe da gumi. Ya koma mai saurin fushi, ya ƙaurace wa majalisa. Mu kuwa muka mayar da abin raha. Ni da bakina na ce masa, "Haba Yaya, kai da ka saba ganin jini?" Murmushi kawai ya yi. Washegari ya koma aiki, domin babu wani direban da zai karɓe shi. Sai da hawan jini ya kwantar da shi muka gane ciwo ne yake ɗauke da shi tun tuni, mu muna kiran sa jarumta. Har yau ina jin kunyar waccan magana.

Firgici ciwo ne mai magani, kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan Kware, a jiharmu. Shugabannin ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, a taimaka a wadata ma'aikatan nan da safar hannu da takunkumi, a samar da mai karɓar aiki domin wanda ya kwana kan haɗari ya samu hutu, wanda barci ya ƙaurace masa kuma a tura shi ga likita ba tare da an yi masa gori ba.