Binciken dafin maciji: Waɗanda ke karantawa daban, waɗanda ake sara daban

Da zarar kaka ta kama a ƙauyukan da ke kewaye da Dawanau, manomi na cusa hannu cikin damin gero da kushin gyaɗa, inda ɓeraye ke taruwa, macizai kuma na biye da su. Ga tarin bincike kan dafin da ke barazana ga wannan hannu, amma kusan dukkansa da Turanci yake, a mujallun da masana ke aika wa junansu.

Abin da binciken ya gano ya shafi manomin kai tsaye. Dafi haɗin sinadarai ne da ke sauyawa daga jinsi zuwa jinsi, daga yanki zuwa yanki, a wani ɓangare gwargwadon abin da macijin ya daɗe yana ci. Na kububuwa yana hana jini daskarewa, na kasa da gamsheƙa ya fi ruɓar da nama. Shi ya sa makarin da aka haɗa da dafin kububuwar Indiya ba lallai ya yi aiki kan ta nan ba. An ga haka a wani asibitin karkara a Ghana a 2004: da aka sauya makari zuwa na Indiya, mace-mace suka tashi daga ƙasa da kashi 2 cikin ɗari zuwa kusan 12.

Ba a bar arewacin Najeriya baya a wannan fage ba. Tun shekarun 1970 David Warrell ya yi nazarin saran kububuwa a Zariya. Makarin EchiTAb, da aka haɗa a Birtaniya da Kosta Rika, da dafin macizan Najeriya aka yi shi, aka kuma gwada shi a Kaltungo ta jihar Gombe. Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero na cikin waɗanda duniya ke ji da su a fannin, kuma daga jami'ar zuwa Dawanau tafiya ce gajera.

Sai dai ilimin bai cika ketare katangar jami'a ba. Wanda aka sara yakan fara da ɗaure ƙafa, a tsaga wurin, a manna baƙin dutse ko a kira gardi, abubuwan da likitoci ke cewa suna ɓata lokaci, wasu ma suna ƙara illa. In an kai asibiti aka rasa makari, dangi ne ke bazama kantunan magani, su sayi duk kwalbar da aka miƙo musu, ba tare da sanin macijin da aka haɗa ta dominsa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi a 2017, ta kuma sa 2030 a matsayin wa'adin rage mace-mace da nakasa da rabi. A ganina, ma'aikacin ƙaramin asibiti da mai kantin magani su ne masu karatun da ya kamata a fara nema, da Hausa, ta rediyo, kafin a fara yankan gero.