Kafin A Ba Mai Furanni Kafin Alƙalami

A wannan wata zan taɓo wani abu da ya shigo cikin bukukuwanmu na zango ba tare da sallama ba, wato adon furanni. Iyayenmu sun yi aurensu da lalle da turaren wuta da goro, amma yau daga Nima zuwa Madina, har Aboabo ta Kumasi, da wuya ka ga walimar da ba a kewaye kujerar amarya da fure ba. Ni ban ce a daina ba. Abin da ya dame ni shi ne kuɗin da ake zubawa a kan kayan da mai biya bai san halinsu ba, har a wayi gari ana cacar baki tsakanin uwar amarya da mai furanni a gaban baƙi.

Mu fara da wardi, wanda masu sayarwa ke kira ros, domin shi ne 'yan mata suka fi nunawa a hoto su ce irinsa suke so. Yawancin mai kyaun da ake gani a Akra baƙo ne. A ƙasar Kenya ake noma shi, musamman a gefen tafkin Naibasha mai tudu da sanyi, da kuma ƙasar Habasha. Da zarar an yanke shi sai a sa shi a ɗakin sanyi, daga nan a ɗora shi a jirgin sama. To, furen da ya taso cikin sanyi, ya yi tafiya cikin sanyi, yaya zai yi idan aka kafa shi ƙarƙashin rumfa a bakin titi da tsakar rana, a watan Maris, lokacin da zafin Akra kan wuce digiri 30? Kafin la'asar ya sunkuyar da kai. Bugu da ƙari, da kuɗin waje ake sayo shi, saboda haka idan sidi ya faɗi farashinsa ya tashi. Haka nan yakan yi tsada gab da 14 ga Fabrairu, da ranar iyaye mata, wato Lahadi ta biyu a watan Mayu, da kuma Disamba lokacin da kowa ke biki.

Alhali kuwa akwai furannin da zafi bai dame su ba, kuma ana noma su a yankinmu. Akwai helikoniya mai kama da bakin aku, ja da rawaya. Akwai anturiyum mai faffaɗan kunne da ƙyalli kamar an shafa masa mai, wanda kan yi mako biyu a cikin ruwa. Akwai furen citta na ado, da ganyen kwakwa da sauran korayen ganyaye masu cika wuri da kuɗi kaɗan. Sai dai a lura, waɗannan ba a sa su a firiji. Sanyin da ke raya wardi shi ke baƙanta su. Inuwa da ruwa mai tsabta sun ishe su. Ita kuwa buganbiliya da ke kan katangar kowa, kyanta a jikin uwarta yake, ana yanke ta take yaushi.

Yanzu sai ciniki, kuma a nan ne nake so masu karatu su natsu. Yawancin masu wannan sana'a sun saba da auren coci, wanda ake yi ranar Asabar, a cikin ɗaki, a kan lokacin da aka rubuta a kati. Mu kuwa sau da yawa ranar Lahadi muke ɗaura aure, bikinmu kwanaki ne, kuma mu faɗi gaskiya, idan an ce ƙarfe 2 to amarya ba za ta fito ba sai 5 ta gota. Mai furanni bai san wannan ba sai an gaya masa. Idan ya kafa kayansa da hantsi bisa ga abin da ke cikin kati, furen ya sha ranar awa shida kafin mai hoto ya iso, laifin wa? Saboda haka a gaya masa lokacin gaskiya. A tambaye shi ko yana aiki ranar Lahadi, da wanda zai kawo kayan idan shi yana coci. A kai shi ya ga wurin da idonsa, ya san inda rana ke faɗuwa, ya kuma san cewa wasu lungunanmu mota ba ta shiga, sai an ɗauko a ka.

A zaɓi zama ɗaya da za a yi wa fure mai rai. Ba a sayen fure ranar ƙunshi a ce zai kai ranar walima. Sauran kwanakin furen roba ya wadatar, ana bayar da shi haya, kuma babu abin kunya a ciki. Masu wayo ma sukan sa na roba a can sama inda hannu ba ya kai, su bar mai rai a hannun amarya da teburin da ke gabanta.

Duk abin da aka shirya a rubuta shi, ko da a takardar littafin makaranta ne, kowa ya sa hannu: irin furen, launinsa, dami nawa, lokacin kawowa, kuɗin mota, da abin da aka bayar kafin alƙalami. A rubuta abin da zai maye gurbi idan jirgi bai kawo kaya ba, domin kada a biya kuɗin wardi a ga wani abu dabam. A rubuta ko tukwane da ƙarafan ado na haya ne, da wanda zai biya idan sun fashe, da abin da za a mayar idan an ɗaga biki. Maganar launi kuwa, kada a tsaya ga hoton waya. A yanki ƙyallen anko a kai masa, domin abin da Hajiya ke kira ja ba lalle ne shi mai furanni ke kira ja ba. Kuma mutum ɗaya ya riƙa magana da shi. Idan gwaggo ta kira ta ƙara, ƙawar amarya ta kira ta canza, a ƙarshe uba ne zai ga lissafin da bai sani ba.

Akwai 'yan ƙananan abubuwa da ke ɓata kaya a ranar. Ayaba da mangwaro nunannu suna fitar da wata iska da ke tsofar da fure da wuri, don haka kada a ajiye su ɗaki ɗaya. Kaskon turaren wuta da hayaƙin janareta su ma a nisanta su. A lokacin hunturu iska na busar da fure, sai a riƙa ƙara ruwa a koren soson da ake soke shi a ciki. Furen lili yana da gari mai launin ruwan goro a tsakiyarsa wanda ke ɓata farin leshi, a roƙi mai furanni ya cire shi tun a shago. Idan ya zuba a tufa kada a goga da ruwa, a ɗauke shi da salatif. Kada kuma a tsinko fure a bakin hanya a ɗora kan kek ko kusa da abinci, domin wasu, irin su oliyanda mai furen ruwan hoda da ake shukawa a gefen titi, guba ne.

Wata shawara ga amare. An zauna awanni ana zana lalle, an biya mai zane, sannan a ɗauko ƙaton dami a rufe hannun duka? Ƙaramin dami ya fi sauƙin riƙewa, ya fi araha, kuma lallen zai fito a hoto.

Ga iyaye kuma, kafin a je shago a ware abin da za a iya kashewa bayan an gama da kayan ɗaki da abincin baƙi, a faɗa wa mai furanni adadin tun farko, a ce masa ya nuna abin da wannan kuɗi zai iya yi. Mai sana'ar kirki ba ya jin haushin wannan magana, kuma idan an je masa da wata biyu ko uku kafin biki yana da sararin nemo kaya masu sauƙi.