Ɗan Ga-ruwa Ya Fi Rahoton Ofis Sanin Limawa

Wata magana ta samu gindin zama a bakin jami'ai da 'yan boko: wai auna ci gaban gari aikin ƙwararru ne, abin da talaka ya gani da idonsa kuwa hirar majalisa ce. Ban yarda ba, kuma abin yana ci mini rai.

Da wane lissafi ƙwararrun suke aiki? Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, wadda aka shirya yi a 2023 kuma an ɗage ta. Dutse ta zama babban birnin Jigawa a 1991, jami'ar tarayya ta zo a 2011, gidaje suka yi ta cin gonaki. Duk adadin mutanen Limawa ta Dutse da za a rubuta yau, kintace ne aka ɗora a kan tsohon adadi.

A tambayi ɗan ga-ruwa. Ya san fanfon da ya mutu, da watan da ya mutu, da nawa jarka ta koma daga ranar. Mai unguwa ya san kwatar da bola ta toshe. Matar da ke kwashe ruwa da roba tsakar dare a watan Agusta ta san ta inda ruwan duwatsu yake gangarowa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hoton tauraron ɗan'adam zai nuna tanki a tsaye, ba zai ce babu ɗigon ruwa a ciki ba.

An gwada barin mazauna su auna da kansu a wasu wurare. A 2009 matasan Kibera ta Nairobi suka zana taswirar unguwarsu a OpenStreetMap. Daga 2015, ɗalibai da mazauna Darussalam ta Tanzaniya suka bi magudanan ruwa ɗaya bayan ɗaya a shirin Ramani Huria, saboda ambaliya.

Za a ce mutane za su ƙara gishiri don a kawo musu aiki. Wasu za su yi, tabbas. Sai dai hoton waya yana zuwa da rana da wuri, maƙwabci kuma zai iya ƙaryata shi. Rahoton ɗan kwangila fa, wa ke zuwa ya duba?

Cikin muradun ci gaba da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, na 11 kan birane yake, wa'adinsa 2030. Kafin nan ina son ganin ɗaliban jami'ar Dutse da masu unguwannin Limawa sun ƙirga fanfuna da kwatoci kowane wata, an liƙa sakamakon a ƙofar dagaci, hukumar raya birnin Dutse ta amsa a rubuce.