Dajin giginya shi ne gandunmu

Idan an ce gandun daji, hankalin mutane yakan tafi Gandun W, wanda ƙasarmu ta haɗa da Benin da Burkina Faso. An kafa shi a 1954, kuma a 1996 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya. A can akwai giwa da ɓauna da zaki. Amma manomin Karakara nawa ne ya taɓa zuwa? Wurin yana da nisa, ga kuma rashin tsaro na 'yan shekarun nan ya hana baƙi shiga.

Ra'ayina shi ne mu duba abin da ke bayan gidajenmu. Kwarin Dallol Mawri, wanda ya ratsa ƙasarmu ya gangara Gaya har kogin Isa, yana da dajin giginya da ba a cika samun irinsa a Nijar ba. A 2004 an sa kwarin cikin wuraren dausayi masu muhimmanci a duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Wannan shi ne gandunmu, ko da babu ƙofa babu mai karɓar kuɗin shiga.

Giginya itace ce mai haƙuri. Akwai namiji akwai mace, kuma macen ce kaɗai ke 'ya'ya. Yaron da ya shuka ƙwallo yau, sai ya zama magidanci kafin ya sha 'ya'yanta sosai. Kanta yana can sama, shi ya sa hatsi da wake suke yi a gindinta ba tare da inuwa ta danne su ba. Azararta kuwa gara ba ta cin ta da wuri. Wannan kyan nata ne ya jawo mata wahala: an sare manya da yawa, an yi lodi zuwa birane don rufin ɗaki. Ashe gaskiyar magabata da suka ce inuwar giginya na nesa ka sha.

Sai dai abin da ya fi damuna ba gatari ba ne, muruci ne. Kowa ya san yadda ake yinsa. A tsince ƙwallaye, a binne su, bayan wasu watanni a tone tsiron a dafa a kai kasuwa. Abinci ne mai ƙosarwa, kuma da kuɗinsa mata da yawa suke sayen magani da sabulu da littafin yara. Ba zan ce su daina ba. Amma kowane muruci giginya ce da ba za ta tsaya ba. Idan an tsince ƙwallo duka, abin da ya saura kuma awaki da wutar daji suka cinye, to tsofaffin za su faɗi babu magaji. Ku zaga gonakinku ku ƙirga da kanku: manya nawa, ƙanana nawa?

Wani zai ce talaka ba ya iya tsaron daji. Raƙuman dawa na Kure sun ƙaryata wannan. A 1996 kusan 50 kaɗai suka rage. Manoman wurin suka yarda su zauna tare da su, aka hana farauta, kafin 2017 sun haura 600.

Don haka nake roƙon kowane gari ya keɓe fili ɗaya cikin giginyarsa, da yardar maigari da masu gonaki da ma'aikatan gandun daji. A share masa hanyar ƙafa. A kafa allo da Hausa mai ɗauke da sunayen itatuwan da ke ciki, kamar gawo da kanya da tsamiya. 'Yan ajin yaƙi da jahilci su ne za su rubuta allon, tun da yanzu hannunsu ya faɗa. Malamai su riƙa kai ɗalibai, tsofaffi su nuna musu wace ce mace, wane ne namiji. A yi hattara dai lokacin da 'ya'yan suka nuna, domin ɗan giginya yana da nauyi, idan ya faɗo kan yaro rauni ne babba.

Masu muruci kuma, cikin ƙwallo goma a bar biyu a ƙasa. A kewaye su da ƙaya kafin a saki dabbobi bayan girbi.