Waiwaye: Ƙa'idar zama, daga zauren New York zuwa bakin kogin Malanville

Ran 12 ga Oktoban 1960 guduma ta karye a hannun shugaban Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. Ana muhawara ne kan mulkin mallaka, sai wakilin Filifin, Lorenzo Sumulong, ya ce in batun 'yanci ake yi, to a sa har da ƙasashen gabashin Turai da Tarayyar Sobiyet ta danne. Shugaban Sobiyet Nikita Khrushchev ya zabura, ya nemi dama ya ja hankalin shugaba kan saɓa ƙa'ida, da ya samu kuma sai ya shiga zazzaga wa mutumin baƙaƙen maganganu. Har yau masana tarihi na jayayya ko ya buga takalminsa a tebur ko ɗaga shi kawai ya yi. Kafin a tashi dai, Frederick Boland na ƙasar Ayalan, mai jan zaman, ya yi ta bugu yana neman a yi shiru har kan gudumar ya fice. Nijar da Dahome (Benin ta yau) sababbin shiga ne a lokacin, ran 20 ga Satumba aka karɓe su. Najeriya kuwa kwananta biyar a majalisar.

Duk malamin da ya taɓa shirya wa ɗalibai taron kwaikwayon Majalisar Ɗinkin Duniya ya san wannan labari ne yara suka fi so. Shekarun baya, lokacin da nake koyarwa a yankin Malanville na ƙasar Benin, mun yi irin wannan zama da 'yan sakandare, cikinsu har da yaran Toumboutou da iyayensu ke noman shinkafa da albasa a fadamar kogi. Kowa aka ba shi ƙasa da kwali mai sunanta, ni kuma aka ɗora ni kujerar shugaba. Ba a je ko'ina ba kwalaye suka fara tashi sama: kowa Khrushchev yake son zama. Da ɗaya ya buɗe baki, sai wani ya ce, “Ranka ya daɗe shugaba, an saɓa ƙa'ida!” In na tambaye shi wace ƙa'ida, sai ya ce ai abin da wancan ke faɗa ƙarya ne.

A nan gizo ke saƙar. Dokar Babban Zauren ta ce wanda ya miƙe don jan hankali kan ƙa'ida ba shi da ikon taɓa ainihin batun da ake muhawara a kai. Iyakarsa ya ce an tsallake layin masu magana, ko an zarce lokaci, ko an kawo abin da ba ya cikin jadawali. Shugaba ya yanke hukunci nan take. Wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara, a kaɗa ƙuri'a, hukuncin shugaba ya tsaya sai in masu rinjaye sun ture shi. Wanda kuwa ke ganin an yi wa ƙasarsa ƙazafi, an tanadar masa ƙofa dabam, wato damar mayar da martani, amma sai ya jira ƙarshen zama, sau biyu kawai, minti goma a karon farko, biyar a na biyu. A ganina jiran nan shi ne rabin hikimar. Wanda ya yi awa uku yana riƙe da fushinsa, da wuya ya faɗi abin da zai faɗa a minti na farko.

Sauran ƙa'idojin ma haka suke. Ba a fuskantar abokin hamayya kai tsaye, shugaba ake yi wa magana, kamar yadda masu shari'a ba sa juya wa juna a gaban alƙali. Kowace ƙasa ƙuri'a ɗaya gare ta, Benin da Sin duk ɗaya, manyan batutuwa kuma sai da kashi biyu bisa uku. In aka kawo gyara a daftarin ƙuduri, gyaran ake fara kaɗa wa ƙuri'a, kuma wanda ya fi nisa da asalin rubutun shi ne kan gaba. In wani ya nemi a rufe muhawara, sai an ba mutum biyu masu adawa da rufewar dama sun yi magana. Duba kowacce da kyau, za ka ga mai ƙaramar murya take karewa. Mai ƙarfi ba ya buƙatar layi.

Wani abu da ba a cika gaya wa ɗalibai ba: yawancin tsarin da ake bi a tarukan kwaikwayo daga majalisun Amurka aka aro shi, musamman littafin ƙa'idojin zama da wani hafsan soja, Henry Robert, ya fitar a 1876. A New York ɗin kanta, mafi yawan ƙudurori ba a kai su ga ƙuri'a. A ƙananan ɗakuna ake sasantawa, a zo zaure a amince baki ɗaya. Har a 2020, da annobar korona ta hana taro, Farfesa Tijjani Muhammad-Bande, ɗan Zagga ta jihar Kebbi, maƙwabcinmu ke nan, ya ja zauren da wata ƙa'ida ta shiru: a aika daftari, in awa 72 ta wuce ba wanda ya ce uffan, ya zama ƙuduri.

Batun da muka ba yaran ranar nan shi ne tsibirin Lete, kuma da gangan muka ba 'yan Benin kujerar Nijar. Tsibiri ne a kogin Kwara, sama da Malanville da Gaya, wanda makiyaya da manoma suka daɗe suna ja-in-ja a kansa. An zub da jini a can a 1960. A ƙarshen 1963 rikicin ya kai Nijar ta sallami ma'aikata 'yan Dahome, aka rufe iyaka. Sai a Janairun 1965, a Yamusukro, aka yarda mutanen ƙasashen biyu su ci gaba da zama tare a tsibirin kafin a raba gardama. Raba gardamar ta ci shekara arba'in. Ran 15 ga Yunin 2001 ƙasashen suka sa hannu a Kwatano cewa za su je Kotun Duniya, ran 12 ga Yulin 2005 kuma alƙalai biyar ƙarƙashin Raymond Ranjeva na Madagaska suka ce iyaka ta bi wurin da ya fi zurfi a babbar hanyar jiragen ruwa. Lete ya faɗa wa Nijar. Benin ta sha kaye a abin da ya fi damunta, ta kuma karɓa, domin tun a Kwatano ta amince da yadda za a yi zaman kafin ta san yadda zai ƙare.

Yaran da suka riƙe kujerar Nijar sun sha wuya da farko. Ɗaya ya ce shi ba zai iya tsayawa ya ce ƙasar kakanninsa ta wasu ce ba. Amma da aka ba shi minti biyu, aka hana kowa katse shi, sai ga shi yana kawo hujjar makiyaya da kyau fiye da yadda ya zata. Wadda ta fi burge ni yarinya ce da ba ta ɗaga kwali ko sau ɗaya don jan hankali ba. Lokacin hutun tuntuɓa ta bi benci benci da takarda, ta samo sa hannun ɓangarorin biyu a kan gyara guda: ko wa ya ci tsibirin, kada a hana kowa kiwo da su da noma. Gyaranta ne kaɗai ya samu kashi biyu bisa uku. Masu ihu sun tashi da tafi, ita ta tashi da ƙuduri.

Zaman 1960 ɗin ma, duk da hargitsinsa, ran 14 ga Disamba ya fitar da sanarwar 'yantar da ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin mallaka, ƙuduri mai lamba 1514, da ƙuri'a 89, ba mai adawa, tara suka ƙaurace.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, an toshe gadar Malanville da Gaya. ECOWAS ta ɗage takunkumin da ta sa wa Nijar a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe, mutane suka koma tsallakawa da kwalekwale. A Yunin shekarar, tsofaffin shugabannin Benin, Nicéphore Soglo da Boni Yayi, suka je Yamai neman sulhu. Da zan sake hawa kujerar nan, gadar zan sa a jadawali, in ba ɗan mai albasa na Toumboutou kujerar Yamai, ɗan direban tirela kuma kujerar Kwatano, kowa minti biyu.