An Tura Mai Gyara, Amma An Gyara?

Kwanakin baya, a wani ƙauye tsakanin Dutse da Kiyawa, na tarar da famfon tuƙa-tuƙa ya yi makonni a mace. Sau biyu makaniki ya zo ya kwance shi, ya ce robar da ke janyo ruwa ta cinye, kuma ba a samun irinta sai a Kano, tafiyar fiye da kilomita 100. Mutanen gari sun biya kuɗin mai sau biyu, mata da yara kuwa suka koma tsohuwar rijiya.

A matsayina na mai nazarin harshe, abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda "an tura mai gyara" ta maye gurbin "an gyara" a bakunanmu. Da zarar makaniki ya hau babur, sai a ɗauka an sauke nauyi, alhali kuwa ya tafi hannu rabbana.

Lamarin ba na wasa ba ne. A shekarar 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta kawar da bahaya a fili. Wannan nasara ba za ta ɗore ba in babu ruwan wanke hannu.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a sanya wa makaniki rana, ya kamata kwamitin ruwa na gari ya bayyana masa ta waya irin famfon da alamar cutarsa, domin kayan India Mark II ba sa shiga Afridev. Idan kayan na hannu, a tura shi. Idan babu, a gaya wa jama'a gaskiya da ranar da ake sa ran isowarsu, shi kuwa a juya shi inda zai iya kammala aiki a ranar.

Haka kuma, robobi da kusoshin da suka fi saurin lalacewa ba su da tsada. Ina kira ga hukumar RUWASA da ƙananan hukumominmu 27 da su haɗa kai da 'yan kasuwa, a riƙa samun waɗannan kaya a kasuwanni irin ta Shuwarin. Sannan a daina ƙidaya zuwan makaniki, a koma ƙidaya kwanakin da famfo ya yi ba ruwa.

Allah Ya sa mu dace.